Mai Zuwa Jana'izar Kowa

Sugawara Tokuji bai iya jawabi ba. In ya riƙe lasifika, har karnukan ƙauye hamma suke yi. Amma sau biyar muna tura shi majalisar jiharmu a nan arewacin Japan, ni kuwa nake tuƙa shi tun zaɓen farko.

Kamfen ɗinsa guda ne: jana'iza. Duk wanda ya mutu a tsaunukanmu, ko dusar ƙanƙara ta kai ƙugu, sai Tokuji ya je da baƙar kwat, ya ƙona turare, ya sunkuya wa iyalan mamaci. Mutane ba sa manta irin wannan. Shi ma bai ci amanarsu ba. Duk shekara ana son janye bas ɗin nan tilo mai kai tsofaffi asibiti, duk shekara shi ke tarewa a majalisa.

Abin da ya ƙi gani shi ne, duk jana'izar da muka je, ƙuri'arsa muke rakawa. Yara sun gudu Tokyo, ba mai haihuwa. Na yi ta fama mu sauka gari mu nemi matasa, sai ya ce gobe akwai jana'izar tsohuwa Kiku.

"Yaya, matattu ba sa zaɓe fa."

"Kai dai ja mota, Genzo. Taka ma zan je, in ka yi haƙuri."

A zaɓe na shida wani matashi mai shagunan waya ya kayar da shi warwas. Kafin bazara aka janye bas. 'Ya'ya suka yi ta zuwa suna kwashe iyayensu. Tokuji bai daina goge kwat ɗinsa ba, amma yanzu a birni ake mutuwa, ba mai sanar da shi. Wannan ya fi faɗuwar ci masa rai. Har yau haushin taurin kansa nake ji, kuma kewarsa ta hana ni sakat.

Ya rasu a hunturun bana, ba mata, ba ɗa. Tsofaffin da suka rage a tsauni sun so zuwa, babu bas, ni kuma raunin ido ya sa na mayar da lasisina na tuƙi.

Bayan an ƙone gawar aka fito da ƙasusuwan. Mutum biyu ke ɗaga kowane ƙashi tare, kowa da dogayen tsinkayensa, su sa a tulu, haka ake yi wa kowa. Na ɗauki nawa, na waiwaya, babu kowa. Ma'aikacin wurin ya ɗan jira, sannan ya ɗauki ɗayan. Cikin ladabi ya tambaye ni wane aiki marigayin yake yi da yana raye.