Waƙar da Kaka ta tambaya

Jiya bayan la'asar a gidanmu na Zango, ina taya ƙanwata bitar jarrabawa. Waƙoƙin yaƙi biyu za ta kwatanta. Na ce ta fara duba mai magana a kowacce: ɗaya sojan da ya dawo ne, ɗayar matar da aka kawo wa gawa.

Kakarmu na gefe. Mijinta ya tafi yaƙin basasa, babu gawa babu labari, shi ya sa har yau ba ta yi takaba ba.

Ta ce, "Ina waƙar wanda bai dawo ba, kuma ba a binne shi ba?"

Na ce, "Kaka, ba a koya musu ita."

Ta ƙura wa bayana ido. "To janye ƙafarka ya wuce."

Wallahi na janye. Da ku ne, za ku waiga?