Arlis Mai Tsayawa a Baya

Arlis Caudill direban motar kwal ne a duwatsun gabashin Kentucky ta Amurka, kuma har furfura ta fito masa bai taɓa tsayawa gaban makirufo ba. Wurin gaba na yayansa Delmer ne. Tun suna yara a gidan ubansu, can ƙarshen kwari, aka raba aikin: Delmer ke bin waƙa da jita tsirkiya bayan tsirkiya, yatsunsa na gudu kamar ana korarsu, Arlis kuma ya riƙe kiɗan rakiya, wanda ba a sanin amfaninsa sai ya tsaya. Duk Juma'a da yamma suna kiɗan gargajiyar yankin da ake kira bulugiras a tsohuwar makarantar garin da aka rufe, su da mai goge da Odell mai banjo, wani irin molo. In zagayen jita ya zo, kowa ya ja baya a bar wa Delmer fili.

Arlis ya taɓa aure. Matar ta gaji da ƙurar kwal da shirun mijinta, ta koma Ohio wurin danginta. Bai hana ta ba, bai kuma bi ta ba.

Wata Asabar Delmer na yankan ciyawa a bayan gida ya faɗi. Matarsa Lorene ce ta bugo waya. Arlis ya je asibiti, ya zauna a kujerar roba yana jira ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Shiru. Ya sayi kofi ya shanye, bai san ko da sukari a ciki ba.

Da aka sallamo Delmer, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Hannun da ke danna tsirkiya yana kwance a cinyarsa kamar na aro. Bakin ya karkace, amma kaifinsa na nan.

"Ɗauko jita," ya ce wa ƙanensa ranar farko da aka fito da shi baranda.

"Tawa?"

"Taka ai makamashi ce. Tawa."

"Ni rakiya na iya, Yaya."

"Tun kana ɗan mitsitsi kake laɓewa a bayana kamar ɗan akuya bayan uwarsa. Zauna."

Haka aka fara. Delmer ba shi da halin nunawa, sai ya rera da baki, ya faɗi tsirkiya, ya faɗi gaɓar da za a danna a wuyan jitar. Suka soma da ɗan gajeren salon nan da ake rufe baiti da shi, wanda ke tashi daga tsirkiya mai kauri ya hauro. Arlis ya ji shi a kunnensa tun yana yaro, amma hannunsa bai san hanyar ba. Hannun dama ya saba share tsirkiyoyi gaba ɗaya, yanzu an ce ya tsinci ɗaya, ƙasa, sama, ƙasa, sama, ba tsallake.

"Wannan kiɗa ne, ko giyar mota kake canzawa a kan tudu?" in ji Delmer. "Kajin Lorene sun fi ka tsara sauti in suna tsattsagar masara."

Lorene ta leƙo daga kicin. "Delmer, bar shi ya ci abinci mana."

"Ya ci na me? Wane aiki ya yi?"

Arlis ya ci wakensa da burodin masara da ɗanyar albasa, ya goge hannu a wando, ya koma kujera. Zagin ba ya ɓata masa rai, ci gaban ma ba ya faranta masa. Yana maimaitawa ne kawai, yadda ya saba hawa dutse da lodi ya sauko ba tare da ya tuna hanyar ba. Ya koyi zame yatsa daga gaɓa zuwa gaɓa, ya koyi buga yatsa a tsirkiya ta yi magana ba a kaɗa ta ba. Ganye ya zube, sanyi ya shigo, suka koma ɗaki kusa da murhu.

Wata rana ya kai zagaye guda har ƙarshe ba tuntuɓe. Delmer ya kalli hannunsa na hagu.

"Sake," ya ce.

Arlis ya sake, ya ɓata a tsakiya.

"Yawwa. Da na zaci wani ne ya shigo."

Juma'ar da aka tura Delmer a keken marasa lafiya zuwa makarantar, aka ajiye shi a layin gaba. Ana tsakiyar waƙa Odell ya ɗaga wa Arlis haɓa, alamar zagayen jita ya zo. Arlis ya matsa gaba. Yatsansa ya zame a wani wuri, ya wuce kawai. Mutane suka tafa, shi kuma ya koma inda ya saba tsayawa, yana jin tafin kamar a gidan maƙwabta ake yi.

A mota Delmer ya ce, "Ka yi gaggawa."

"Na sani."

"Amma ba ka tsaya ba."



Ciwon ya dawo wa Delmer kafin ƙanƙara ta gama narkewa, wannan karon bai tashi ba. Aka binne shi a maƙabartar dangi a gefen dutse. Lorene ta roƙi Arlis ya kaɗa waƙar coci ɗaya a bakin kabari, ya kaɗa ta tsaf, ba kuskure. Mata na kuka, Odell ya rufe fuska da hula. Shi kuwa Arlis, abin da ya lura da shi, taɓo ya ɓata masa takalmi, kuma tsirkiya ta biyu na son canji.

Lorene ta bar masa jitar Delmer. Yanzu ya bar tuƙi, yana zaune shi kaɗai a gidan uban nasu. Ran Lahadi yakan je ya gyara wa Lorene abin da ya lalace, su ci abinci, ba su cika magana ba. Ran Juma'a yana makaranta, in an ba shi fili ya karɓa.

Akwai wani kiɗa mai sauri da rabin farko kawai Delmer ya samu damar koya masa. In aka kira kiɗan, Arlis ya kaɗa rabin da ya sani, ya ja baya, mai goge ya ƙarasa. Odell ya taɓa cewa, "Zo gida ran Talata in nuna maka sauran, ba wuya."

"To," in ji Arlis.

Bai je ba tukuna.