Inna Tsada Ta Ajiye Almakashi

Kullum Inna Tsada ce ke riga kowa zuwa ajin koyon ɗinki. Ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ta goge wannan keke, ta ɗiga wa wancan mai, ta leƙa taga tana mitar ɗalibai sun makara, alhali ita ce ta yi sammako. Ɗalibanta ne suka laƙa mata sunan, don ba ta yarda a sallama riga sai an lissafa abin da ta ci.

Ku tambayi tsohuwar ɗalibarta, Maman 'Yan Biyu, mai ɗinka kayan yara. Ciniki take yi kamar me, amma da ƙyar take ɗora tukunya, har ta nemo mai sayen kekenta. Da Inna ta ji, ko mayafi ba ta gama yafawa ba ta isa gidan. Ta sa aka baje komai a kan tebur: yadi, zare, maɓalli, gawayin guga, kuɗin motar kasuwa, har allurar da ta karye. Sannan ta kamo hannun matar ta ɗora a gefensu.

"Wannan fa, 'yata? A hanya kika tsince shi?"

Aka sa ladan hannu, aka haɗa duka, sannan aka ɗora riba, kashi ɗaya cikin biyar. Da farashi ya tashi, masu saye suka ɗauke ƙafa. Hankalin Inna ya tashi ƙwarai. Ta dinga zirga-zirga tsakanin aji da gidan, tana fargabar ko ita ce ta kashe wa baiwar Allah kasuwa. Sai ga masu sayen suna dawowa da guna-guninsu, don na arahar da suka sayo ya warware tun wankin farko. Keken yana nan har yau.

Inna, uwar masu allura, ke ce kika koya mana cewa gajiya ma tana da kuɗi. Yanzu gwiwa ta ce ki huta, mun san ba ji za ki yi ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Masu koyar da sana'a, ku yi koyi da ita, ku haɗa wa ɗalibanku da koyon yanke farashi.

Ranar ban kwana Maman 'Yan Biyu ta kawo wa Inna kyautar riga. Inna ta juya ta, ta duba kalmasa, ta buɗe jakarta.

"Faɗi kuɗinta. Kuma kada ki manta da hannun."