Ranar da Gishirin Malam Ya Zama Hayaƙi

Komai daɗewa ba zan manta da wani darasin kemistiri da aka yi mana a makarantarmu ta unguwar Karewa ba, shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Jimeta. Wadda muke zama benci ɗaya 'yar Borno ce, kanta na ja ƙwarai. Mahaifinta malamin allo ne a unguwar Ajiya. Da ƙyar ya bar ta ta shiga aji, da sharaɗin ranar da aka ji wani tashin hankali, ta zauna gida ke nan.

Malaminmu Ibo ne, Hausarsa ta kasuwa. Ya ɗora gishirin miya a wuta cikin kwalbar gwaji, ko gezau. Ya ce a cikin gishirin, sinadarin sodiyam ya ba kulorin ƙwayar lantarkinsa kyauta, shi ya sa haɗin ya yi ƙarfi. Sai ya ɗauko wani farin gari, gishirin alminiyam.

"Wannan ma ya bayar," in ji shi, "amma ɗan ƙarami ne mai ƙarfin ja. Yana jawo abinsa baya, sai su koma rabawa. Ku duba, ba zai jure wuta ba."

Ya ɗora shi a wuta cikin wata kwalbar, ashe bai cire murfinta ba. Sai ji muka yi fau! Farin hayaƙi ya turnuƙe. Wallahi ban san lokacin da na bi ta taga ba. Kafin a ce mene ne, labari ya kai kasuwa cewa bam ya tashi, iyaye suka cika ƙofa.

Ita kuwa ƙarƙashin benci aka same ta, ta toshe kunnuwa. Mahaifinta ya zo ko takalmi babu. Malam ya bi shi da fasasshiyar kwalba yana ta bayani: "Baba, ba bam ba ne, gishiri ne!"

Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Na yarda, Malam. Amma 'ya'ya biyu na binne kafin mu iso garin nan."

Ya kama hannunta suka fita. Ba ta sake dawowa ba, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Yanzu ni ke koyar da darasin nan a Yola. Na koyi cewa sanin abin da ke cikin kwalba bai isa ba, sai ka san abin da yaran gabanka suka gani kafin ka kunna wuta.