Ƙwayar Man Kifin Yayata

Kar ma ku fara ce mini haƙuri, na ƙoshi da shi. Ku dai tsaya ku ji labarin yayata, wadda 'yan layinmu ke kira Raba-Daidai.

Sunan ya bi ta tun muna yara. Ko alewa guda aka ba ta sai ta fasa da haƙori ta bi kowa da ɓari. Mama ce ta koya mata, wai babbar 'ya ita ke ci a ƙarshe. Ni dai ban ɗauki karatun nan ba, shi ya sa ake ce mini marar kunya.

Aikinta gyaran kifi ne a bayan kasuwa. Tsaye take wuni, wuƙa a hannu, ƙafa cikin ruwan ƙanƙara, in baho ya cika ita ce mai ɗauka zuwa wajen sanyi. Shekara da shekaru tana fasa cikin kifi, amma tsokarsa sai dai ta gani a hannun masu saye. Kai da wutsiya ake ba masu gyara, su ma in ta kai gida mijinta ke fara zaɓa.

Ciki biyu ta yi, duk suka zo kafin lokaci, ba wanda ya zauna. Da ta samu na uku ni na ja ta zuwa awo da kaina. Malamar asibiti ta ba ta maganin ƙarin jini da wata roba cike da ƙwayoyi masu ruwan zuma, wai man kifi ne. Ta ce ta riƙa haɗiyar ɗaya kullum, yana iya taimaka wa cikin ya kai watanninsa, kuma ta rage ɗaukar kaya. Yaya ta yi dariya, ta ce yau ga kifi ya biyo ta har asibiti.

Ashe da ta koma gida, uwar mijinta ta juya robar nan a hannu, ta ce ai ta ji man kifi na gyara gwiwa. Yaya ta zuba mata a tafin hannu. Mijin ya ce shi ma bayansa na ciwo. Matar ɗakin kusa tana da ciki ita ma, ba ta zuwa awo, to ya za a yi a hana ta? Robar wata guda ko sati ba ta yi ba. Zancen rage kaya kuwa, mai wurin aikinsu ya ce baho ba ya tafiya da ƙafarsa, in ba ta iyawa akwai masu jira a ƙofa.

A wata na bakwai ruwa ya fashe mata tana tsugune za ta ɗaga baho. Namiji ne, ɗan mitsitsi, aka sa shi a kwalba. Na leƙa shi ta gilashi, ƙirjinsa na hawa yana sauka kamar na ɗan tsako. Bai kai suna ba.

Ranar gaisuwa, tsohuwar nan ta miƙe ƙafa a tabarma, a gaban mutane ta ce 'yan matan yanzu a ba su magani ba sa sha. Na ce, “Iya, ya gwiwar? Ta yi sauƙi?” Mama ta mintsine ni. Yaya ce ma ta ba ta haƙuri a madadina.

Na koma wajen malamar na tambaye ta gaskiya, da Yaya ta sha ƙwayar da yaron ya rayu? Ta ce ba wanda zai rantse a kan haka, ƙwaya ba ta ɗauke wa mace baho. Ban san ko sauƙi na ji ko haushi ba.

Yanzu ga wani cikin, ta koma bayan kasuwa. Sabuwar robar da aka ba ta tana wajena, kullum da safe nakan je in tsaya a kanta sai ta haɗiye. Jiya na kama ta ta ɓoye ƙwayar a kumatu. Wata sabuwar yarinya ce a wajen aikinsu ke da ciki, wai duk ta ɗashe, ita za ta kai wa.

“Ke kina da ni,” na ce mata. “Ɗan cikinki wa yake da shi?”

Ta haɗiye tana hawaye, kamar na sa ta sata.

To ku da kuke yabonta da kirki, kuna karɓa kuna sa mata albarka, in wannan ma ya tafi, wa zai tsaya ya ce shi ya ci rabonsa?