Garwashin da Balki Ta Ɗebo

A ƙauyenmu, can bayan Hamdara, da an ci tuwo sai mu yara mu kewaye murhun kakata, Iya Gaji. Ita ce ungozomar garin. Duk mai cibiya a unguwarmu, askarta ce ta yanke ta. Ba ta fara tatsuniya sai ta tura kara cikin wuta, sannan ta ce, "To 'yan cibiyata, ga ta nan tafe. Wanda ya yi gyangyaɗi, gobe shi ke ɗebo mini ruwa."

Wadda ta fi yi mana ita ce ta garin da ya aika a ɗebo wuta. Wai mutanen garin sun ji labarin wata wuta a bayan duwatsu bakwai, wadda ba ta hayaƙi, ba ta sa ido hawaye. Suka zaɓi yarinya mai ƙafa, suka ba ta kasko. Tana ba da baya suka ce, me kuma za a yi da tsohuwar wuta? Suka watsa wa murhunansu ruwa. Yarinya ta shekara uku, ta dawo da garwashi jawur, ta tarar ba wanda ya tara ko kara ɗaya. Ta bi gida-gida tana hurawa har ya fara toka. Sai ta juya da kaskonta, ta nufi inda ake da itace.

"Muguwar yarinya!" in ji mu.

Iya Gaji sai ta yi tsaki. "Ku dai ku girma."

Ni na gaji askar. Ban taɓa taka lakwal ba, ban san boko ba, amma hannun nan ya karɓi rabin garin, kowa ya sani.

Jikata Balki ta ci jarrabawa, ta tafi Damagaram karatun sazfam, wato ungozomar likita. Hutunta na farko ta ga askar naɗe cikin tsumma.

"Kaka, da wannan kike yanka? Ai ita ke kawo ciwon nan da jariri ke sandarewa ya ƙi nono."

"Ke da na yanke miki cibiya da ita? Ga ki ƙatuwa, har kina yi mini wa'azi."

"Ni na tsira, Kaka. Su nawa ne ba su tsira ba?"

Na san sunayen iyayensu. Washegari, a gaban uwarta, na binne askar a gindin aduwa. Mata biyu da ke koyo a wurina na sallame su, na ce su je, Balki na nan zuwa da abin da ya fi nawa.

Ta kuwa zo, da takardarta da farar riga. Damina biyu tana zuwa ɗakin likitan garinmu aikin sa kai, babu safar hannu, babu magani, tana jiran sunanta ya fito cikin waɗanda aka ɗauka aiki. Bai fito ba. Da aka gama girbin bana ta ɗaure akwati, wai ta samu aiki a Yamai.

"Kaka, in na ƙara zama, hannuna zai manta."

Ban ce mata muguwa ba.

Jiya maƙwabciyata ta shigo, matar ɗanta Rabi na cikin wata tara, haihuwar fari. Ta ce, "Yaya Hajara, wa zai zauna mata?" Tana fita na ja sanda zuwa gindin aduwar, na tona. Askar ta yi tsatsa. Idona ba ya raba zare da gashi, ga maganar Balki a kunnena. Na mayar da ƙasa. Na aika musu su nemi amalanke tun yanzu, asibitin Mirya da nisa.

Iya Gaji ba ta taɓa faɗa mana yadda garin nan na tatsuniya ya ƙare ba. Kullum a wurin juyawar yarinyar take karkaɗe zaninta ta ce ƙurunƙus. Mun yi ta zagin mai kasko, ba wanda ya tambayi wa ya watsa ruwan.

Na girma, Iya. Ni ce.