Famfon Gilashin Motar Alhaji

Shekaranjiya jikana ya ajiye motarsa a ƙofar gida, sai na ga ruwa yana ɗiga a ƙarƙashinta. Ya ce, "Hajiya, ba komai, famfon wanke gilashi ne yake yoyo." Shi a wurinsa ba komai ba ne. Ni kuwa sai da na nemi wuri na zauna.

Ubana direba ne. A shekarun da Turawa suke haɗa kayansu za su tafi, shi yake tuƙa motar wani Alhaji mai sayen gyaɗa a Rano, yana kai shi Kibiya da Rurum da ƙauyukan da ke tsakani. A ƙofar gidanmu motar take kwana, ƙarƙashin tsamiya, ni kuma nake share mata ganye da safe in goge ta. Alhajin ya lura da ni. Wata rana ya ce wa Baba, a gabana, in an gama cinikin gyaɗa zai sa ni a makaranta tare da 'yarsa, har kayan makaranta zai ɗinka mini. Ku sani, a unguwarmu babu 'ya macen da ta taɓa taka aji. Na riƙe maganar nan kamar ƙwai.

Da damina hanyar Kibiya jar laka ce. In babbar mota ta gifta sai ta watsa wa gilashi laka, direba ya makance. To, motar nan tana da dabara. Akwai kwalbar ruwa kusa da inji, siririn tiyo ya taho daga gare ta zuwa wata roba mai kamar goruba a ƙasa, kusa da ƙafar direba. In ya taka robar, ruwa ya fito ta wasu 'yan hudoji ya feshe gilashin. Kakata, uwar Baba, da muke ce wa Iya, ita ta fi kowa son kallon abin. Cewa take mota tana wanke fuskarta. Amma tsoron motar take ji, don a shekarar wata akori-kura ta kife a rafi da mutane.

Ran nan Baba ya dawo kafin azahar, fuska a murtuke. Laka ta rufe musu gilashi a hanya, ya taka roba, ko ɗigo bai fito sama ba. A ƙasa ruwan ya tsiyaye, baƙi ƙirin, ya ɓata bakin farar rigar Alhaji, kuma saura kaɗan su faɗa rami. Alhaji ya ce bayan la'asar zai zo ya ji abin da aka yi wa motarsa.

Baba ya kira ni, don hannuna ƙarami ne, yana shiga inda nasa ba ya shiga. Muka fara da kwalba, ba ta tsage ba. Ya ce in bi tiyon da yatsa, in faɗa masa inda na ji danshi. Na bi shi har ƙasa, a bushe, sai a gindin robar nan na ji tsaga. Baba ya ce roba ba ta fashewa haka kawai, sai in ruwa ya rasa hanya. Ya cire tiyon ya sa baki ya hura, kumatunsa suka kumbura, iska ba ta wuce ba. Hudojin sama sun toshe. Na lakato baƙin abin da ya toshe su, yana danƙo a yatsa. Na shinshina. Ƙaro da gawayi.

Na ce, "Baba, ai tawada ce."

Iya tana zaune a bakin zaure tana ɓarar gyaɗa. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ni na zuba. Rubutun tsari ne na karɓo wurin Malam. Kai ka sha naka, ita motar da take ɗauke da kai fa? Ba sai ta wanke fuska da shi ba?"

Baba ya dafe kai. Sannan muka kama aiki. Na ɗauraye kwalbar da ruwan ɗumi har ta yi fes, na tsokale hudojin da ƙayar aduwa. Shi kuma ya yanko tsohuwar robar tayar keke, ya kankare bakin tsagar, ya shafa sholisho, ya manna faci, ya ɗaure da zare. Da ya bushe ya ce in taka. Na taka, ruwa ya yi tsiri ya sauka a gilashi. Na yi ta tsalle. A raina, yau Alhaji zai ji ni na gano.

Alhaji ya zo, ya tsaya da sandarsa. Baba ya durƙusa.

"Me aka zuba mini a mota?"

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan ce. Wasa take yi, ta jiƙa gawayi ta ɗura a kwalbar. Na hukunta ta."

Na buɗe baki, Baba ya kalle ni, na rufe. Na waiga zaure. Iya tana nan, tana ji, hannunta bai daina ɓarar gyaɗa ba. Alhaji ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Ashe haka kike? Yarinyar da ba ta barin kayan mutane ba zan haɗa ta da 'yata ba." Ya shiga mota, Baba ya ja shi suka tafi.

Da ya dawo na tare shi a tsakar gida. Na ce, "Baba, ka san ba ni ba ce."

Ya ce, "In ya ji rubutu ne, cewa zai yi asiri muke masa, ya kore ni, gari ya ɗauka tsohuwa tana yi wa mutane sammu. Ke yarinya ce, ba ki da mutuncin da zai zube."

Iya ta aiko mini da fura har da zuma. Na bar ta a nan ƙudaje suka sha.

An gama cinikin gyaɗa, 'yar Alhaji ta shiga makaranta. Kullum sai motar ta wuce da ita ta ƙofar gidanmu, ubana a kan sitiyari. Ni ban riƙe fensir ba sai da goyon autana a baya, a ajin yaƙi da jahilci, yara suna leƙe ta taga suna yi mana dariya.

Na san dalilin Baba. Na auna shi da hankalin manya, na ga gida guda yake ci daga wannan mota. Amma ya rayu shekaru masu yawa bayan Alhaji da Iya sun kwanta dama, babu sauran wanda zai ji tsoro, bai taɓa kirana ya ce "an zalunce ki" ba. Da ciwon ajali ya kama shi ya tara mu ya ce mu yafe masa duk abin da ya yi mana. Na ce na yafe, kuma na yafe ɗin, Allah ya ji ƙansa. Sai dai a dunƙule ya roƙa, tare da na kowa.

Yanzu ana ta kukan yaran zamani ba su da kunya, suna mayar wa manya magana. Wani lokaci gaskiya ne. Amma a gidana, in yaro ya ce ba shi ba ne, ko wane ne yake tsaye a kansa, ko da rawani, sai ya jira yaron ya gama magana.